Wa Ya Koya Wa Beyar Sata?

Mu a nan ba mu da beyar. Ka ratsa dajin Falgore, ka faɗa Yankari, ka gangara har Gashaka, za ka iya cin karo da giwa da ɓauna da birai iri-iri, amma wannan dabba ba ta cikin rabon da Allah ya yi wa ƙasarmu. A talabijin muka san shi: ƙaton abu mai gashi buzu-buzu, yana tafe yana rangaji kamar ba ya iya gudu, alhali in ya zabura babu ɗan tseren da zai kuɓuce masa. A Amurka da Kanada iri biyu ne suka fi cuɗanya da mutane. Akwai baƙin beyar, mai iya hawan bishiya, akwai kuma babbansa da ake kira girizili, mai tozo a kafaɗa da zaƙo-zaƙon farata, wanda namijinsa kan haura kilo 200. Duk da wannan nisa, abin da ya gudana tsakaninsa da mutanen can labari ne da kunnenmu zai gane, domin maganar abinci ce, da sabo, da haƙƙin wanda zai zo bayanka.

Mu koma gandun dajin Yellowstone, wanda gwamnatin Amurka ta keɓe a 1872. Da aka gina otal-otal a cikinsa baƙi suka fara tururuwa, sai ragowar abinci ta zama kaya, aka riƙa kwashe ta ana zubarwa a juji bayan gini. Ba a jima ba beyar suka gano wurin, baƙi kuma suka gano cewa in ana son ganin beyar, juji ake zuwa da yamma. Maimakon a ga matsala, sai aka ga kasuwa. Kusa da maɓuɓɓugar nan ta ruwan zafi da ake kira Old Faithful aka gina dandamali, aka kafa allo da ke sanar da cewa nan ne wurin cin abincin beyar. A Otter Creek kuwa, a shekarun 1930, kujerun katako aka jera a gangaren tudu, ɗaruruwan mutane su zauna, mota ta zo ta juye shara, dabbobi su fito daga kurmi suna ture juna, ma'aikacin gandun daji yana yi wa jama'a bayani. Har yau akwai hoton Horace Albright, shugaban gandun daga 1919 zuwa 1929, zaune a tebur yana cin abinci tare da beyar. Dokar hana ciyar da su tana nan a rubuce tun 1902, sai dai a takarda ta tsaya. A kan titi motoci kan yi dogon layi, beyar ya miƙe da ƙafa biyu ya dafa taga, a miƙa masa biskit, a ɗauki hoto.

Kada mu yi saurin ganin wautarsu. Mutane ne irinmu, iyaye da 'ya'yansu da suka yi tafiyar kwanaki don su ga ikon Allah da idonsu, kuma hukuma da kanta ce ta shimfiɗa musu kujeru. Wane ne cikinmu zai ga naman daji ya matso har yana karɓa daga hannunsa zuciyarsa ba ta yi sanyi ba? Yau ma da kowa ke riƙe da waya, sha'awar nan ba ta je ko'ina ba, ƙaruwa ma ta yi, tunda yanzu hoton ba ya jiran a wanke shi kafin duniya ta gani.

Amma kowace shekara ana biyan kuɗin wannan wasa da jini. Lissafin hukumar gandun ya nuna cewa daga 1931 zuwa 1969, beyar kan ji wa kimanin mutum 48 rauni a shekara, ya kuma yi ɓarnar dukiya sau 138. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san rayuwar dabbar. Beyar kan kwanta dogon barcin hunturu na watanni, ba ci ba sha, don haka tun daga ƙarshen bazararsu aikinsa ɗaya ne, ya tara kitse. A daji wannan aiki ne mai wuya: tonon saiwa, tsintar 'ya'yan itace, farfasa ruɓaɓɓen icce don neman tururuwa, kamun kifi, bin mushe. To sai ga wuri guda da zai samu a sa'a ɗaya abin da zai wuni yana nema. Ga hanci da ya fi na kare nesa ba kusa ba, ga riƙon abu da ba ya mantuwa. Uwa kuma takan yi shekara biyu ko fiye tana yawo da 'ya'yanta, duk inda ta ci nan za su koyi ci. Haka aka yi ta haifar zuriya bayan zuriya da suka buɗe ido suka tarar cewa warin mutum da warin abinci abu ɗaya ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarshen wasan kujeru, amma juji bai tashi ba, komawa bayan fage ya yi. Sai da aka kai wani dare a wani gandun daban kafin idon kowa ya buɗe.

Gandun Glacier yana jihar Montana, a kan iyaka da Kanada, ƙasar duwatsu da tafkuna masu sanyi. Tun kafa shi a 1910 ba a taɓa rubuta cewa girizili ya kashe mutum a cikinsa ba, har ma'aikata da baƙi suka saki jiki. A can saman dutse akwai wani masauki, Granite Park, inda na'urar ƙona shara ta yi wa yawan baƙi kaɗan. Sai ya zama al'ada a zuba ragowar abinci a kwazazzabon bayan gida, da magariba baƙi su fito su kalli girizili suna ci. Wurin da masu tanti ke kwana kuwa yana 'yan yadi ɗari kaɗan a gangare, a kan hanyar da dabbobin ke bi. A wani ɓangaren gandun, bayan tsaunuka, akwai tafkin Trout, inda masu kamun kifi da masu ya da zango suka saba barin gwangwanaye da kayan cikin kifi a warwatse. Duk bazarar 1967 wata tsohuwar macen girizili, ramammiya, ta yi ta bin zango-zango tana korar mutane daga abincinsu. An kai ƙara, ba a ɗauki mataki ba.

A daren 12 ga Agusta wayewar 13, shekarar 1967, girizili ya afka wa saurayi da budurwa da ke kwance a fili ƙasa da masaukin Granite Park. Saurayin ya tsira da munanan raunuka. Yarinyar, 'yar shekara 19, an same ta da sauran numfashi, aka ɗauko ta zuwa masaukin, a nan rai ya yi halinsa. Kafin gari ya waye, a tafkin Trout, tsohuwar nan ta komo wa wasu matasa biyar da ta riga ta cinye musu abincin dare. Huɗu suka haye bishiya. Ta biyar, ita ma 'yar shekara 19, ta kasa fita daga jakar barcinta. Dabbobi biyu daban, wurare biyu daban, dare ɗaya, bayan shekara 57 ba a taɓa gani ba. Da farko wasu jami'ai sun ɗora laifin a kan tsawa da gobarar daji da aka yi fama da su a makon, wai su suka harzuƙa dabbobin. Da aka harbe ta tafkin Trout aka duba bakinta, sai aka tarar da fasassun kwalabe sun nutse mata a haƙora. Marubuci Jack Olsen ya bi diddigin lamarin a littafin da ya fitar a 1969, kuma ruwa dai ba ya tsami banza: juji ne.

A nan ne nake so mu ɗan dakata, domin wannan ne abin da aka fi mantawa. Duk waɗanda suka jefa wa dabbobin nan ragowar nama suna tafi, duk waɗanda suka tashi daga bakin tafki suka bar gwangwanin kifi a ƙasa, sun koma gidajensu lafiya. Wataƙila har sun tsufa suna ba jikokinsu labarin ranar da suka ga girizili ido da ido. Babu wanda ya ƙwarzane su. Waɗanda suka biya bashin 'yan mata biyu ne da suka zo daga baya, sai kuma dabbobin da aka bi aka harbe a kwanakin da suka biyo. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauki dokar adana abinci a daji a matsayin dabarar kare guzuri. Guzurinka in ya salwanta ka kwana da yunwa ka koma gida. Abin da ka koya wa dabbar shi ne ke zama a wurin, yana jiran baƙon da ba ka sani ba, ba kuma za ka taɓa ji an ce kai ne sanadi ba. Mun taso ana gaya mana cewa kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce. Wannan kishiyarta ce, shuka ƙayar a tafi.

Gyaran ma bai zo da sauƙi ba. A Yellowstone akwai wasu tagwaye masana dabbobi, John da Frank Craighead, da suka fara nazarin girizili tun 1959, su ne ma suka fara ɗaura musu abin wuya mai rediyo don bin sawunsu. Da hukuma ta yanke shawarar rufe jujin gaba ɗaya, tagwayen suka ce a bi a hankali, a yaye dabbobin sannu-sannu, in ba haka ba yunwa za ta kora su cikin zangon mutane. Hukuma ta ce kowace shekarar jinkiri sabbin 'ya'ya ne ke koyon cin shara. Aka rufe manyan jujin a 1969 da 1970, aka kafa sabon tsari mai tsauri, aka sauya garewanin shara da irin waɗanda beyar ba ya iya buɗewa. Abin da tagwayen suka hango ya auku. Girizili suka bazu cikin zango da garuruwan gefe, aka harbe da yawa. A 1972 wata tsohuwar 'yar juji ta kashe wani saurayi kusa da Old Faithful, a zangon da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba aka kuma bar abinci a fili. Zuwa 1975, lokacin da aka sa girizili cikin jerin dabbobin da doka ke karewa, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne saura 136 a duk yankin. Har yau masana na jayayya a kan wanda ya fi gaskiya. Ni dai abin da na gani shi ne kowane ɓangare na da hujja, kuma sabon da aka yi shekara tamanin ana ginawa ba ya warwarewa ba tare da wani ya ji jiki ba.

Daga wannan wahala aka tsamo ƙa'idojin da ake bi yau, kuma in ka saurare su za ka ji kamar kakarka ce ke magana. Mu da muka taso a ɗakin da ragaya ke reto daga rufi, ƙwaryar fura ko ragowar tuwo na ciki inda kyanwa da ɓera ba sa kaiwa, ba ma bukatar dogon bayani. A dajin Yellowstone ana rataye jakar abinci ƙafa 10 daga ƙasa, ƙafa 4 daga jikin bishiya, kuma a yawancin wuraren kwana an gitta dogon icce tsakanin bishiyoyi biyu don wannan aiki. Wurin barci ya yi nisan yadi 100 daga inda aka yi girki da inda aka rataye kaya, a kuma lura da inda iska ke kaɗawa, kada ta ɗebo ƙamshin miya ta bi da shi ta kan tanti. Ba a shiga tanti da ko alewa ɗaya. Abin da baƙo ya fi mantawa shi ne cewa a hancin beyar abinci ya wuce abin da mu muke ci: sabulu, man goge baki, man shafawa, turare, magani, abincin kare, tukunyar da ba a wanke ba, ledar da aka naɗe nama, duk sai sun bi jaka sun hau sama. Ruwan wanke-wanke a tace shi a watsar can nesa. Shara kuwa ba a binne ta, domin tonowa zai yi. Abin da ka shigo da shi a bayanka, a bayanka zai fita.

Sai dai dabbar da ake wa dabara ita ma tana da tata. A gandun Yosemite na Kalifoniya, inda baƙin beyar ne kaɗai ya rage, rataya ta daina aiki. Sun koyi bin igiya su tsinke ta da haƙori, sun koyi karya reshe, uwa kan tura ɗanta mara nauyi ya hau inda ita ba za ta iya ba. A wuraren ajiye motoci kuma suka koyi sa farata a saman ƙofa su lanƙwasa ta ƙasa, su shiga, su yage kujerar baya su kai ga but. Ba ma sai sun ji wari ba, ganin kula ta gilashi ya ishe su, sun san siffarta. Wani nazari da aka yi a kan motocin da aka fasa tsakanin 2001 da 2007 ya gano cewa sun fi zaɓen ƙananan bas-bas na iyali, kuma masu binciken na ganin dalilin yara ne, da burbushin biskit da lemon da ke zubewa a kujeru. A 1998 kaɗai an rubuta ɓarnar beyar fiye da 1,500 a gandun, asarar ta haura dala 600,000. Daga nan aka tashi tsaye. Aka wadata wuraren kwana da akwatunan ƙarfe masu sakata, aka hana barin abinci a mota da dare, aka haramta rataya, aka wajabta wa mai shiga can cikin daji ɗaukar wani ɗan duro na roba mai tauri, mai santsi, wanda ya fi ƙarfin bakin beyar ya kama, murfinsa kuma sai da tsabar kuɗi ko yatsun mutum yake buɗuwa. Ba a ɗaura masa igiya, don kada ta zama mariƙi. A ajiye shi a ƙasa nesa da tanti, ba a bakin rafi ko gefen kwazazzabo ba, domin beyar zai yi ta mirgina shi kafin ya haƙura. Ɓarnar ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki na Yankari zai ce ai mu ma mun san wannan karatu. Gwaggon biri a can ya san leda, ya san ƙofar da ba a sa wa sakata ba, ya san wa zai tsorata ya saki abin da ke hannunsa. Ba a haife shi da wannan ilimi ba. Wani baƙo ne ya fara jefa masa ayaba don yara su yi dariya, na bayansa ya ƙara, har aka kai inda mace ba ta iya ratsa fili da kwano a hannu cikin natsuwa. Namu bai kai girizili haɗari ba, alhamdu lillahi, amma hanyar da aka bi aka ɓata shi ita ce dai.

A Yellowstone yau girizili sun farfaɗo, ana ƙiyasta su kusan dubu a yankin, baƙi kuma sun kai miliyan 4 a shekara, amma raunin da beyar ke yi wa mutane ya sauko zuwa kimanin ɗaya a shekara. Waɗanda ake gani yanzu a gefen titi saiwa suke tono, ba bara suke ba. Matashin da ya zo da jakarsa a baya yakan yi ƙorafin nauyin duron nan, yakan ga akwatin ƙarfe a matsayin takurar hukuma, domin bai san da me aka saye shi ba. Ba laifinsa ba ne. Abin da ya yi aiki da kyau shi ake fara mance dalilinsa. Ma'aikatan gandun su ba su manta ba, don su ake turawa da bindiga. Beyar da ya saba da abincin mutane akan kama shi a kai shi nesa, sau da yawa ya komo ko ya ci gaba da halinsa a sabon wuri, ƙarshenta a kashe shi. Mutumin da ya shiga wannan aiki don son dabbobi shi ne ke danna kunamar bindigar, saboda wani ya bar kula a kan tebur ya tafi wanka.

Kokawar kuma ba ta ƙare ba. A tsaunukan Adirondack na jihar Niyok an yi wata ƙaramar macen baƙin beyar da ake kira Yellow-Yellow, saboda alama ruwan ɗorawa da aka maƙala mata a kunnuwa biyu. Ita ta gano yadda ake danne harshen murfin wani irin duro da haƙori a murɗe shi. Masu ƙera shi suka ƙara harshe na biyu, ta buɗe wannan ma. Wani mafarauci ne ya harbe ta a 2012, amma sunanta ya zauna a bakin masu ƙera kayan zango.

Saboda irinta ne ba a yarda da maganar kamfani sai an gwada. A garin West Yellowstone akwai wata cibiya da ke riƙon girizili waɗanda ba za su iya komawa daji ba, galibinsu waɗanda suka saba da abincin mutane ne, ko marayun da aka kashe iyayensu a kan wannan laifi. Da ba don cibiyar ba da tuni an harbe su. Duk mai sabon duro ko kula ko garewanin shara da ke son hatimin kwamitin hukumomin da ke kula da girizili, wanda aka kafa a 1983, yakan kawo kayansa nan. A zuba kifi ko nama a ciki, a shafa zuma ko tunkuzar gyaɗa mai laushi a baki, a kulle, a ajiye musu a fili. Su cije, su yaƙushe, su hau kai da ƙafafun gaba suna dannawa da dukan nauyinsu, wani ma ya ja shi cikin ruwa. Ana lissafa mintunan da suka yi suna fama da shi, in ya cika 60 bai buɗe ba bai kuma fashe ba, ya ci jarrabawa. Da yawa ba sa kaiwa, sai mai kaya ya tattara ɓaraguzansa ya koma ya sake ƙira.